Me Ya Sa Bakin Fensir Ke Ɗaukar Wuta, Daimon Kuwa Ba Ya Ɗauka?

Wani maƙwabcina mai walda ne. Ranar wata Asabar girandarsa ta mutu ana tsakiyar aikin ƙofa, sai ya roƙe ni in rage masa hanya zuwa Sabon Gari wajen masu gyaran irin waɗannan injina. Mai gyaran bai ko tambayi yadda ciwon ya fara ba. Ya kwance wasu 'yan murafu biyu a gefen injin, ya zaro baƙaƙen abubuwa guda biyu, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, da ɗan sifirin maƙale a bayansa. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Maigida, burushi ne. Kabon ɗin ya cinye." Ya sa sababbi, ya jona a soket, giranda ta tashi da ihunta.

Ɗan ƙanwata da ke aji biyar na sakandare yana tare da mu. Na tsinci tsohon burushin na goga a bayan rasit, ya bar zane baƙi irin na fensir. Na ce masa, wannan ƙarfe ne? Ya ce, "A'a Kawu, girafayit ne." Na ce to yaya aka yi wuta ke bi ta cikinsa ta shiga injin? Ya ce, "Ai an faɗa mana, duk abin da ba ƙarfe ba ba ya ɗaukar wuta, in ban da girafayit." Na ce me ya sa aka cire shi daga cikin 'yan'uwansa? Ya ɗan sosa ƙeya. "Haka yake a littafi, Kawu."

Ban ga laifinsa ba, domin mu ma haka muka haddace, muka ci jarrabawa da shi. Amma wannan "in ban da" da ake wucewa a guje, a nan duk ilimin yake kwance.

Wutar lantarki tafiya ce ta caji. Kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace zarra kuma tana da cibiya a tsakiya da wasu 'yan ƙananan abubuwa da ke kewaye da ita, waɗanda ake kira elektiron. Su ne masu ɗauke da cajin da ke tafiya a waya. Katako na da elektiron, roba na da su, dutsen Dala ma cike yake da su. Don haka tambayar da ta dace ita ce: a cikin abin nan, akwai elektiron da aka sake, wanda zai iya barin gidansu ya yi tafiya? Ka ɗauki Kantin Kwari. Ko diloli sun cika shaguna har rufi, in babu ɗan dako ko ɗaya, kaya ba za su motsa ba. A jan ƙarfe, wanda masu wayarin ke kira kofa, kowace zarra tana sakin elektiron ɗaya na waje, ya zama na kowa, yana yawo a duk jikin ƙarfen. Alminiyam ma yana sakin uku. Da ka jona batir ko wutar Nepa, waɗannan 'yan dakon sai su karkata gefe guda. Shi ke nan, wuta ta wuce.

Abubuwan da ba ƙarfe ba kuwa akasari marowata ne. Ba sa sakin elektiron, sai dai zarra biyu su yi tarayya a kan elektiron biyu, kowacce ta kawo ɗaya, su riƙe su gam a tsakaninsu. Wannan riƙon shi ke ɗaure zarra da zarra. Farar wuta da ake sayarwa wajen 'yan koli misali ce mai kyau: zarrarta takwas-takwas ke haɗuwa su yi zobe, kowane elektiron na da aikin da aka ɗaure shi a kai. Sunanta wuta, amma tana cikin abubuwan da suka fi tare wutar lantarki. Iskar da muke shaƙa ma haka take, shi ya sa manyan wayoyin da ke kan turaku suke tsirara, iska ce rigarsu.

Girafayit da daimon duka zarrar kabon ce zalla. Kabon yana da elektiron shida. Biyu na can ciki, babu ruwansu da harkar waje. Huɗu ne a waje, mu kira su hannaye huɗu. Duk bambancin daimon da girafayit ya tsaya ne a kan yadda aka yi amfani da hannayen nan.

A daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u, kowace zarra ta miƙa hannayenta huɗu duka ta kama maƙwabta huɗu. Uku a ƙasa a baje kamar duwatsun murhu, ɗaya a sama, tsakanin kowane hannu da ɗan'uwansa kusurwa ce ta digiri 109.5. Kowane maƙwabci shi ma ya kama nasa huɗun, haka har ƙarshen dutsen. Babu ɓangaren da ya fi wani sako-sako, shi ya sa a ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs aka ba shi 10, ƙololuwa. Amma ka duba kuɗin da aka biya: hannu huɗu, riƙo huɗu, ba a bar ko ɗan dako ɗaya ba. Ka ɗora masa bakin mitar auna wuta, ba za ta ce komai ba.

A girafayit kuwa kowace zarra maƙwabta uku kawai ta kama, duk a shimfiɗe guda, da kusurwar digiri 120 a tsakani. Abin da ke fitowa shi ne zane mai gida shida-shida, sak saƙar zuma, a shimfiɗe kamar tabarma. Saura hannu ɗaya. Wannan elektiron na huɗu bai da takamaiman abokin riƙo. Yana zama ne a sama da ƙasan tabarmar, ya haɗu da irinsa na duk sauran zarra, su zama wani gajimare da ya lulluɓe tabarmar daga wannan baki zuwa wancan. Kowane gida ya ba da yaro ɗaya ga aikin gayya ke nan. Su ne ke ɗaukar wuta, su ne kuma ke haɗiye haske su sa girafayit ya yi baƙi mai ɗan ƙyalli, alhali daimon haske ratsa shi yake yi.

Tabarmin nan a jibge suke, ɗaya kan ɗaya. A cikin tabarma guda, nisan zarra da zarra nanomita 0.142 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Abin mamaki, wannan riƙon ya fi na daimon gajarta, domin na daimon 0.154 ne, wato a cikin tabarmar girafayit riƙon ya ma fi ƙarfi. Raunin yana tsakanin tabarma da tabarma, inda nisan ya kai 0.335, kuma babu riƙo na gaskiya sai ɗan jan juna mai rauni. Da ka goga fensir a takarda, tabarmi ne ke zamewa suna mannewa a kai. A kaurin milimita ɗaya na girafayit akwai irin waɗannan tabarmi wajen miliyan 3.

Wannan tsari ya haifar da wani hali da ƙarfe ba shi da shi. Jan ƙarfe ta ko'ina ka bi da wuta za ta wuce daidai. Tsararren girafayit kuwa yana da hanya: wuta na gudu a kwance, bisa tsawon tabarma, amma tsallakawa daga wata tabarma zuwa wata yana yi mata wuya ninki ɗaruruwa, a mai inganci sosai ma dubbai. Kuma kada a zuzuta shi, ko ta hanyar mai sauƙin, jan ƙarfe ya fi shi nesa ba kusa ba. Ba wanda zai yi wayarin gida da girafayit.

Masana kansu sun daɗe kafin su yarda cewa waɗannan biyun abu ɗaya ne. Da aka gano tarin girafayit a Borrowdale da ke arewacin Ingila a ƙarni na 16, makiyaya suna yi wa tumakinsu alama da shi, an ɗauka wani nau'in darma ne, kuma har yau a Turance sunan darma ake kiran bakin fensir da shi, duk da babu darma a ciki. A 1772 Lavoisier na Faransa ya tara hasken rana da ƙaton gilashi mai tattara haske ya ƙona daimon, ya ga ya koma irin iskar da gawayi ke bayarwa in ya ƙone. A 1779 Scheele na Suwidin ya nuna cewa girafayit ma dangin gawayi ne. Sai Smithson Tennant a Ingila, wajen ƙarshen ƙarni na 18, ya auna ya tabbatar cewa daimon da gawayi masu nauyi ɗaya iska iri ɗaya suke bayarwa, adadi ɗaya. Shi kansa sunan girafayit, Werner ne ya raɗa a 1789 daga kalmar Girkanci mai nufin rubutu.

Masana kimiyyar fiziks suna da wata hanyar bayyana abin, wadda ta fi zancen hannaye zurfi, kuma ita ke warware maganar sola. Suna cewa elektiron da ke cikin riƙo kamar mutum ne a cikin birni, filin tafiya kuma yana bayan badala. Don ya yi tafiya sai ya haura. Tsayin badalar ake aunawa da ma'aunin elektiron-bolt. A daimon ya kai kusan 5.5. Zafin ɗaki na yau da kullum kuwa abin da yake ba elektiron bai wuce kusan 0.025 ba, ko zafin Afrilu na Kano bai ƙara wani abin kirki a kai ba. Ba mai haurawa. Silikon, wanda ake yin farantin sola da shi, ƙanin kabon ne a jadawalin sinadarai, hannunsa huɗu, ginin zarrarsa kuma irin na daimon ne sak. Amma zarrarsa ta fi girma, riƙonta ya fi sassauci, sai badalarsa ta tsaya a 1.1. Hasken rana ya isa ya cilla elektiron ya tsallake wannan. Abin da farantan da suka cika rufin gidajen Kano ke yi ke nan tun daga hantsi har la'asar. A girafayit kuwa babu badala sam, cikin gari da waje sun haɗe. A ƙarfe ma haka, sai dai jama'ar da ke waje sun fi yawa ƙwarai.

Ko daimon ɗin ma ana iya fasa masa ƙofa. In zarrar boron, mai hannu uku, ta shiga gurbin kabon nan da can, sai a sami riƙon da ya rasa elektiron ɗaya, gurbin kuma ya riƙa tafiya yayin da na kusa ke cike shi. Irin wannan daimon shuɗi yake zama, kuma yana ɗan ɗaukar wuta. Ga wani abin da ke ɗaure wa ɗalibai kai: daimon da ba ya ɗaukar wutar lantarki ya fi jan ƙarfe ɗaukar zafi wajen ninki biyar. Dalili, zafi a cikinsa girgizar zarra ce ke kai shi, ginin da aka ɗaure tamau kuwa girgiza na ratsa shi nan da nan. Na'urar gwada daimon da masu sayar da kayan ado ke amfani da ita wannan halin take dubawa.

Mu dawo Sabon Gari. In jan ƙarfe ya fi girafayit ɗaukar wuta, me ya hana a yi burushi da shi? Aikin burushi shi ne ya kai wuta ga ɓangaren injin da ke juyawa da gudu, yana goga shi ba hutu. Ƙarfe a kan ƙarfe zai ci juna, ya yi tartsatsi, wani lokaci ya manne. Girafayit santsi gare shi, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,500 sannan ya fara tashi kamar tururi, alhali jan ƙarfe na narkewa a 1,085. Sannan shi ne ke cinyewa ya bar ƙarfen injin mai tsada lafiya. Haka yake a kik ɗin mota, da injin huda bango, da bilenda, da yawancin janareton shaguna.

Duk wanda ya yi firamare a zamaninmu ya san wani wurin da kabon ke ɓuya. Ranar Juma'a akan sa mu fasa mataccen batir ɗin rediyo mu shafe allo da baƙin cikinsa. Sandar nan baƙa da ke tsakiya kabon ce, ita ke tattara wuta ta kai ga hular batir. An zaɓe ta ne don tana ɗaukar wuta amma sinadarin da ke kewaye da ita ba ya cin ta, kamar yadda yake cin gwangwanin zinkin da ke waje har batir ya fara yoyo. Irin wannan batir mai bolt 1.5 jikan wanda Leclanché ya ƙirƙiro ne a 1866. Batirin wayar da ke aljihunka, da na litiyam da ake haɗawa da sola, su ma ɓangarensu ɗaya girafayit ne. In ana caji, litiyam na kutsawa tsakanin tabarmin nan ya zauna, ɗaya ga kowace zarrar kabon shida in ya cika, in ana amfani da wayar kuma ya fito. Ratar da ta sa fensir ke rubutu ita ce ɗakin ajiyar cajin.

Inda abin ya fi shafar rayuwarmu shi ne gawayi. Busasshen ice ba ya ɗaukar wuta, domin kabon ɗin da ke cikinsa a ɗaure yake da haidirojin da oksijin, duk hannaye a cike. In aka turara shi ba tare da iska sosai ba, waɗannan biyun sai su yi ta ficewa, kabon ɗin da ya rage ya fara kama juna yana yin 'yan guntayen saƙar zuma, a warwatse, ba tsari. Gwargwadon zafin da ya sha, gwargwadon girman guntayen da haɗuwarsu. Shi ya sa in ka ɗebi gawayi a buhu ka gwada da mita, wani zai amsa, wani ya yi shiru. Wanda bai gasu sosai ba kusan katako ne har yanzu, wanda ya sha wuta ƙwarai, irin ragowar da ke fitowa daga maƙera bayan zugazugi ya yi aiki a kai, ya fi kusa da girafayit. Masu wayarin da ke zuba gawayi da gishiri a ramin at, wato ramin da ake binne ƙarfen da ke kai wuta cikin ƙasa, sun gaji dabara mai ma'ana, amma ba gawayin kaɗai ke aikin ba. Gawayi na riƙe danshi, gishiri kuma in ya narke yana rabuwa gida biyu masu caji, su ne ke yin dakon a cikin ƙasa. Busasshen gishiri ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan. Dalilin da ya sa wuta ke jan mutum ma ke nan duk da shi ba ƙarfe ba ne: jikinmu ruwa ne mai gishiri, jiƙaƙƙen hannu kuma ya buɗe mata ƙofa.

Yanzu ka dubi soket ɗin da ya taɓa ƙonewa. Roba da leda da rigar waya duk sarƙoƙin kabon ne, elektiron ɗinsu a ɗaure suke kamar a daimon, shi ya sa suke tare wuta. Amma in waya ta saki a cikin soket, ta yi zafi ko tartsatsi, robar wurin sai ta babbake. Babbakewa ita ce mayar da roba gawayi. Wannan baƙin tabon da kake gani tsakanin ramuka biyu zai iya zama siririyar hanya da wuta ke bi. Tana bi tana ƙara zafi, zafin na ƙara yin gawayi, hanyar na ƙara faɗi. Abin da aka sa don ya tare wuta ya koma ɗan dakonta. Na sha ganin shago an goge irin wannan soket da tsumma an ci gaba da jona firji, ana cewa ai yana kawowa. Yana kawowa mana, har ranar da zai kawo wadda ba a so. Ƙurar hunturu da danshin damina in suka kwanta a kai suna ƙara hanzarta abin. Soket ko fulogin da ya yi baƙi canza shi ake yi, ba ya gyaruwa. Haka masu naɗe mahaɗar waya da tsinken tsohuwar taya ko tub: baƙin nan na taya garin kabon ne aka cuɗa a cikin roba don ƙarfi, ba a yi ta don tare wuta ba. Maɓallan rimot ma robar da aka cuɗa da kabon ce a ƙasansu, da gangan, don ta haɗa wuta in an danna.

A 1977 wasu masana uku, Shirakawa da MacDiarmid da Heeger, sun nuna cewa ita ma roba ana iya sa ta ɗauki wuta, in sarƙarta na da irin wannan hannu na huɗu da ba a ɗaure shi tamau ba. Suka turara mata aidin, ƙarfin ɗaukar wutarta ya ninka miliyoyi, aka ba su kyautar Nobel a 2000. Sikirin ɗin OLED da masu gyaran waya a Farm Centre ke cewa ya fi tsada, haskensa daga sinadaran kabon masu irin wannan hali yake fitowa. A 2004 kuma Andre Geim da Konstantin Novoselov a Jami'ar Manchester suka yi ta ɓare girafayit da salatif har suka ware tabarma ɗaya tak, mai kaurin zarra guda. Ita ake kira girafin, su ma sun karɓi Nobel a 2010.

Da muka koma gida na ari mitar wani mai gyaran rediyo a layinmu, na ce da ɗan ƙanwar tawa ya kawo fensiransa. Muka juya mita ɓangaren auna turjiya. Ya zana layi mai kauri da 2B a takarda, ya maimaita a kai har ya yi ƙyalli, ya ɗora bakunan mitar biyu. Lamba ta fito. Ya matsar da baki ɗaya nesa, lambar ta ƙaru, domin hanya ta ƙara tsawo. Ya sake zana wani layin da HB, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, sai lambar ta fi ta farko girma. Tun 1795 da Conté na Faransa ya fito da dabarar, bakin fensir garin girafayit ne da yumɓu aka kwaɓa aka gasa. HB ya fi 2B yumɓu, yumɓu kuwa ba ya ɗaukar wuta, kuma da yake ya fi tauri, girafayit ɗin da yake bari a takarda bai kai na 2B ba. Na ja masa kunne cewa wannan gwaji da mita ko ƙaramin batir kaɗai ake yin sa, kada ya kuskura ya kai fensir bakin soket.

Ya ɗauki magogi ya goge tsakiyar layin 2B ɗin, ya sake ɗora mita, ta nuna hanya a yanke. Ya cike gurbin da fensir, lamba ta dawo. Sai ya ce, "Kawu, bari in je kicin in ɗebo gawayin Umma."